Inabi a ƙasar hazo: yadda Ingila ta kutsa kasuwar da Faransa ta daɗe tana juyawa

Duk wanda ya taɓa zama a Ingila ko da na wata uku ne ya san halin sararin samaniyar ƙasar nan, ka fito da safe rana ta leƙo kamar da gaske take, kafin ka kai tashar bas an fara yayyafi, da azahar a ɗauke, la'asar kuma iska ta taso ta karya maka lema. To a irin wannan ƙasa ne yanzu ake da gonakin inabi sama da 1,000 idan aka haɗa da na Wales, faɗinsu ya haura hekta 4,000, kuma a shekarar 2023 kaɗai an samu abin da ya kai kwalba miliyan 21.6 ta giyar inabi. Ƙasar da Faransawa suka shekara aru-aru suna yi wa dariya a wannan fanni.

Bari in faɗa tun yanzu, ni ba na sha, kuma hukuncin giya a addini ba wanda bai sani ba, ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina noma ne da kuɗi da sauyin yanayi, don a wannan harkar ukun nan sun cakuɗe ta yadda da wuya ka samu misalin da ya fi shi fitowa fili.

Wata Oktoba muka je tattaki da wani abokina a tsaunukan South Downs, wajen wani ƙauye da ake kira Alfriston a Sussex, sai muka ratsa ta gefen wata gona ana cikin tsinkar inabi. Layuka ne a jere sun gangaro daga tudu, kowane an ɗaure shi a waya, ma'aikata sun duƙa da almakashi da kwanduna na roba, yawancinsu da ka ji harshensu ka san daga gabashin Turai suke. Ɗaya daga cikinsu ya ga mun tsaya muna kallo ya miƙo mana ɗan nonon inabi ɗaya. Ƙanana ne fa, ba irin inabin ci da ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna ba, waɗannan bawonsu kauri ga 'ya'ya a ciki. Na jefa ɗaya a baki, akwai zaƙi kam, amma tsamin da ya biyo baya sai da na runtse ido kamar na tsotsi ɗanyar tsamiya. Na ce wa abokina wannan ai bai nuna ba. Ashe wannan tsamin shi ne jarin gaba ɗaya. Sannan da na duba ƙasa sai na ga fararen duwatsu birjik tsakanin layukan, na ɗauki ɗaya na goga a tafin hannu ya bar fari, alli ne tsantsa, irin wanda malamin firamare yake rubutu da shi.

Tsami da alli. Zan dawo kansu, amma sai an ɗan koma baya tukuna.

Noman inabi ba baƙo ba ne a Ingila. A kundin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086 an lissafa gonakin inabi sama da 40, da yawa kuma a hannun gidajen ibada na Kirista suke don suna buƙatar ruwan inabin a ibadarsu. Abin da ya fara karya su kasuwa ce: a 1152 Henry, wanda ya zama Sarki Henry na Biyu bayan shekara biyu, ya auri Eleanor ta Aquitaine, yankin Bordeaux na Faransa, wanda ke cikin ƙasarta, ya shigo ƙarƙashin sarautar Ingila, jiragen ruwa suka riƙa sauke giyar can mai araha kuma wadda ta fi ta gida kyau. Wa zai wahala da noma a cikin laka alhali ga kaya na zuwa a sauƙaƙe? Daga baya yanayi ya ƙara sanyi, sannan Henry na Takwas ya rushe gidajen ibadar nan daga 1536. Shi kenan, Ingila ta zama ƙasar masu saye, kuma manyan masu saye ma, har gobe tana cikin ƙasashe biyu da suka fi kowa shigo da shamfen, wato giyar inabi mai kumfa ta yankin Champagne, daga Faransa, ita da Amurka.

An sake gwadawa bayan yaƙin duniya na biyu. Wani janar mai ritaya, Sir Guy Salisbury-Jones, ya dasa gona a Hambledon da ke Hampshire a 1952, wasu suka bi sahu, akasarinsu tsofaffin sojoji da masu ɗan hali da ke neman abin yi bayan ritaya. Irin da suka riƙa dasawa na Jamus ne da makamantansu masu jure sanyi da saurin nuna, su Müller-Thurgau da Reichensteiner da Seyval Blanc, suna yin farar giya mara kumfa da ko 'yan ƙasar ba su ɗauke ta da daraja ba. Ga kuma wani abin da ya ƙara ɓata musu suna, akwai wata giya mai arha da ake haɗawa a masana'anta da ruwan inabi mai kauri da aka shigo da shi daga waje, ita doka ta ba ta sunan giyar Birtaniya, ta inabin gida kuma ita ce giyar Ingila, to ina mai saye zai tsaya bambance wannan? 

Waɗanda suka juya akalar ba ma 'yan ƙasar ba ne. Wasu ma'aurata ne Amurkawa daga Chicago, Stuart da Sandy Moss, suka sayi wani tsohon gida mai suna Nyetimber a West Sussex, a 1988 suka dasa iri ukun da ake yin shamfen da su, Chardonnay da Pinot Noir da Pinot Meunier, duk da masana sun ce musu ba za su nuna ba gara su dasa tuffa. Suka yi kunnen uwar shegu. Amfanin 1992 ne na farko da suka yi giya da shi, da ta fito kasuwa bayan wasu shekaru ta fara cin kyaututtuka sai kowa ya shiga taitayinsa. Mike Roberts, wanda ya sayar da kamfaninsa na kwamfuta, ya kafa gonar Ridgeview a 1995 a kan wannan tsari, a 2010 kuma wata kwalbarsu ta zo ta ɗaya a rukunin masu kumfa a gasar mujallar Decanter, gasar da shamfen na Faransa ma ke ciki. Ta Ridgeview ɗin aka zuba a liyafar da Sarauniya ta shirya wa shugaban Chana Xi Jinping a 2015.

To me ya sa mai kumfa ta karɓe su, alhali ja da fara na yau da kullum sun gagara? Nan ne batun tsamin nan ya shigo. Inabi yana nuna ne kamar mangwaro, kullum rana ta dake shi sukari na ƙaruwa tsami na raguwa. Mai son yin jar giya mai nauyi irin ta Bordeaux ko Sifen yana buƙatar rana sosai har inabin ya nuna luguf. Mai yin ta kumfa kuwa so yake a tsinke da sauran tsami mai yawa da sukari daidai gwargwado, domin tsimawa biyu ake yi mata. Da farko a matse a tsima ruwan a tanki ya zama wata giya mai tsami da ba mai iya sha da daɗi. Sai a ɗura a kwalba a ƙara ɗan sukari da yis a toshe. Yis ɗin ya cinye sukarin ya saki iska, iskar ba ta da hanyar fita sai ta narke a cikin ruwan, kumfar kenan. Duk wanda ya taɓa mantawa da kunun zaƙi ko zoɓo a gora ya kwana biyu a zafi, ya zo buɗewa ta yi masa tsartuwa a fuska, ya ga ƙaramin samfurin abin. Ƙarfin iskar da ke cikin kwalbar ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku, shi ya sa kwalbar take da kauri kuma ake ɗaure marfin da waya. Daga nan a kwantar da kwalaben a ɗaki mai sanyi su yi shekara biyu, uku, wasu har biyar ko fi, a kan gawar yis ɗin, sannan a riƙa juya su a hankali kai a ƙasa har dattin ya taru a wuya, a daskarar da wuyan a fitar da shi a sake toshewa. Giyar da ba ta da tsami tun asali ba za ta jure wannan doguwar kwanciya ba, lami za ta zama. Kenan abin da yake aibi ga Ingila a wani fannin, a nan shi ake nema ruwa a jallo.

Akwai ma wani tarihi da Ingilishi ke son tsokanar Faransawa da shi. A 1662 wani likita, Christopher Merret, ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society takarda inda ya bayyana yadda 'yan kasuwar Landan ke zuba sukari a giya don ta yi kumfa, shekara shida kafin Dom Pérignon, wanda ake cewa shi ya ƙirƙiro shamfen, ya isa gidan ibadar Hautvillers a 1668. Kuma kwalbar da ke iya riƙe iskar ba ta fashe ba a Ingila aka fara yin ta, saboda su da kwal suke narka gilashi, wutarsa ta fi ta itace zafi.

Sai alli. Shimfiɗar allin da ke ƙarƙashin yankin Champagne ita ce ta nutse ta ƙarƙashin teku ta ɓullo a kudancin Ingila, fararen duwatsun gaɓar Dover da ake gani a hotuna ita ce, tsaunukan North Downs da South Downs ma ita ce. Amfaninta ga manomi shi ne tana tsotse ruwa kamar soso, in an yi ruwa da yawa saiwa ba ta jiƙewa ta ruɓe, in an yi fari kuma tana sakin wanda ta riƙe. A ƙasar da ruwa ya yi wa yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma gaskiya 'yan talla sun fi manoma son maganar allin nan, saboda tana haɗa su da sunan Champagne a kan takardar kwalba. Gonaki da yawa masu suna ba a kan alli suke ba, wasu a kan yashi ne wasu a kan yumɓu, gonar farko ta Nyetimber kanta a ƙasa mai yashi take. Kuma allin nan yana wurin tun kafin a halicci Bature, bai hana giyar 1970 zama abin dariya ba.

Abin da ya canza shi ne zafi. An saba cewa inabin giya yana yi ne tsakanin layi na 30 da na 50 daga tsakiyar duniya, kudancin Ingila kuwa yana wajen 51, wato a bakin iyaka, ko ma an ɗan gota. Cikin 'yan shekarun da suka wuce matsakaicin zafin lokacin noma a can ya ƙaru da kamar digiri ɗaya. Digiri ɗaya fa, mu da muka saba da 40 a Sakkwato ko Maiduguri sai mu ce wannan ma abin magana ne? Amma ga wanda yake a bakin iyaka shi ne bambancin inabin da ya nuna shekara uku cikin goma da wanda ya nuna shekara takwas cikin goma. Masu nazarin abin suna kwatanta yanayin kudancin Ingila na yanzu da na Champagne a shekarun 1960 zuwa 1980. A Yulin 2022 har an auna digiri 40.3 a Coningsby, karo na farko da aka haura 40 a tarihin ƙasar. Ɗumamar da ke rikita mana damina a gida, ita ce dai ta buɗe wa wasu sabuwar sana'a a nan, abin da ɗaure kai.

Su kuma can Champagne zafin ya fara yi musu yawa, girbin da aka saba yi a Satumba ko Oktoba yanzu wasu shekarun tun Agusta ake farawa don kar tsamin ya gudu. Ga tsadar ƙasa, hekta ɗaya a can tana haura yuro miliyan ɗaya, a Kent ko Hampshire kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba ta kai ba. Shi ya sa a 2015 gidan Taittinger, ɗaya daga cikin manyan gidajen shamfen, ya sayi wata tsohuwar gonar tuffa kusa da Chilham a Kent, suka dasa a 2017, suka raɗa mata Domaine Evremond, kwalbar farko ba ta shiga kasuwa ba sai 2025. Lissafa da kanka, shekara goma daga sayen fili zuwa sayar da kwalba ɗaya. Pommery, wani gidan shamfen ɗin, su ma suna Hampshire, kamfanin Henkell Freixenet ya sayi gonar Bolney ta Sussex a 2022, Jackson Family Wines na Kalifoniya suka shigo Essex a 2023. Ranar da Bafaranshe ya ɗauko kuɗinsa ya tsallako ya dasa inabi a Ingila, ranar dariya ta ƙare.

Wannan shekara goman ita ke nuna maka su waye a harkar. Kurangar inabi sai ta shekara uku kafin ta ba da abin kirki, ka matse ka kwantar wasu shekara uku, duk wannan lokacin kana biyan ma'aikata da kwalabe da wuta da sito ba sisin da ke shigowa. Ba sana'ar mai neman na cefane ba ce. Wanda ya kafa gonar Rathfinny a 2010, Mark Driver, daga harkar juya kuɗin masu zuba jari a Landan ya fito. Gusbourne ta Kent wani likitan ƙashi ɗan Afirka ta Kudu, Andrew Weeber, ya fara ta a 2004, daga baya mafi yawan hannun jarin ya koma wajen attajirin nan Lord Ashcroft. Kuɗin birni ne ya fita ƙauye.

Kar kuma a ɗauka ɗumamar ta zo da alheri zalla. Saboda sanyin hunturu yana saurin sakin jiki, kurangar tana tohowa da wuri, tun farkon Afrilu, sai kuma dare ɗaya sama ta washe iska ta tsaya raɓa ta daskare ta ƙone tohon ƙurmus. Haka ta faru a ƙarshen Afrilun 2017, gonaki da dama suka yi asara mai yawa. A irin daren nan za ka ga an jera ɗaruruwan gwangwanaye na kakin kyandir tsakanin layuka an kunna, mutane na zagayawa da tocila ƙarfe uku na dare suna duba ma'aunin sanyi, daga nesa kamar an yi wa tudun ado, alhali mai gonar cikinsa ya ɗuri ruwa. In ka tsallake wannan sai ruwan Yuni lokacin fure, in ya yi yawa furen ya zube. In ka tsallake sai fumfuna, don ɗumi da laima su ne abincinta. A 2012 Nyetimber ba su matse ko ƙwaya ɗaya ba, suka ce amfanin bai kai ba suka bar shi. 2018 ta zo da kwalba miliyan 13, aka yi ta murna, 2023 ta ba da 21.6, sai 2024 ruwa da fumfuna suka dawo da su kusan rabin haka. Manomin gero da ya san shekarar cika rumbu da shekarar sayen hatsi tun watan bakwai zai gane wannan lissafin ba sai an yi masa bayani ba.

Ita mara kumfa fa? Kusan kashi bakwai cikin goma na abin da ake yi mai kumfa ce, ragowar ita ce fara da ja da ruwan hoda na yau da kullum, kuma nan ne ni nake ganin labarin zai fi motsi nan gaba. Akwai irin Bacchus, ɗan asalin Jamus, da ya samu gida a Ingila har wata gona a Norfolk mai suna Winbirri ta ci babbar kyauta da shi a gasar Decanter ta 2017. Sannan ga kwarin kogin Crouch a Essex, gabas da Landan, wanda yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama da yawan rana a ƙasar, ƙasarsa yumɓu ce mai nauyi ba alli ko kaɗan, amma can ne Pinot Noir da Chardonnay ke nuna har a yi ja da fara da masana ke kwatantawa da na yankin Burgundy na Faransa. Shekara 30 baya in ka ce za a yi jar giya ta kirki a Essex sai a ce ka sha ta ne. Wani dalilin kuma na aljihu ne kawai: mara kumfa ana iya sayar da ita cikin shekara guda, ita ke riƙe gida kafin ta kwance a sito ta tashi.

Matsalar da ke gabansu yanzu ta kasuwa ce. A 2023 da aka samu miliyan 21.6, abin da aka sayar bai wuce miliyan 8.8 ba. E, ba a sayar da amfanin bana a bana, kuma ana buƙatar ajiya don cike gurbin shekara mara kyau, amma duk da haka tazarar ta yi yawa, ga gonakin da aka dasa bayan 2018 yanzu suke shigowa da ƙarfinsu. Kwalbar Ingila mai kumfa tana kaiwa fam 30 ko fi, kusan kuɗin shamfen, saboda amfanin hekta ɗaya a nan bai kai na Faransa ba kuma hannu ke tsinka, hannun ma ya yi tsada tun da ficewa daga Tarayyar Turai ta sa sai da bizar aikin gona 'yan Romaniya da Bulgeriya ke shigowa. A gefe guda ga Prosecco ta Italiya da ake tsimawa a tanki ana sayarwa ƙasa da fam 10. Mai fam 35 a hannu da zai je biki, sunan da kowa ya sani zai ɗauka ko na Kent? Champagne fa hekta 34,000 ce, tana fitar da kwalba wajen miliyan 300 a shekara, ta yi ƙarni tana gina suna. Ingila ko sunan ba ta daidaita a kai ba, an kawo shawarar a kira giyar Merret, an kawo Britagne, ba wanda ya zauna, a 2022 Sussex ta samu rajistar sunanta ita kaɗai, wasu makwabta suka ce iyakar gunduma ai ba iyakar ƙasar noma ba ce. Fitarwa waje ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba, Norway ce ma kan gaba a masu saye. Chapel Down ta Tenterden, wadda ta fi kowa girma a masu yin giyar, ta nemi mai sayen ta a 2024 daga baya ta janye, a shekarar kuma Ashcroft ya ce yana duba yiwuwar sayar da kasonsa na Gusbourne. Wasu sun fara yin ta tanki mai araha, tsofaffin gidajen na ƙorafin za a zubar musu da darajar da suka sha wuya kafin su samu. Da yawa kuma sun koma ga baƙi, a zagaya da kai gona, ka ci abinci, ka kwana, a ɗaura aure a wurin, don kwalbar da aka sayar a bakin gona ba dillali a tsakani.

Wanda na fi tausaya wa a lissafin nan shi ne ƙaramin manomin da ya ga ana yayi ya cire alkama ko tuffa ya dasa hekta biyar, ba shi da injin matsa ba shi da sito ba shi da suna, dogaronsa kawai wani babban gida ya sayi inabinsa. A shekarun da inabi ke ƙaranci har layi ake yi masa. Yanzu da sito-sito suka cika, in ba shi da yarjejeniya a rubuce, Oktoba na zuwa inabi ya nuna, yana da 'yan kwanaki ne kafin ruwa ya sauka ya fara ruɓewa a jikin waya, dole ya karɓi farashin da aka yanka masa, kamar dai mai tumatir a Kadawa da kwandunansa a bakin titi rana na yi.